Irin da Ban Gani a Tsaye Ba

Sunana Asabe, amma in ka shiga kasuwar Malumfashi kana tambayar Asabe, za a nuna maka mata da yawa kafin a zo kaina. Ka ce Iya Mai Iri, kowa zai nuna maka rumfata. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Jikana Abba ne yake riƙe da biro, ni ina faɗa. Sunan kakansa aka sa masa, shi ya sa ba na kiran sunansa na yanka, kamar yadda ban taɓa kiran na kakan ba har ya bar duniya.

Malam, maigidana, ya rasu farkon daminar bana, an yi shuka ba a kai ga noman farko ba. In kun ga magana ta yanke a wani wuri, kuka ne ya zo na ce Abba ya dakata. Ba na ɓoye shi, ba na kuma jin kunyarsa. Ranar da aka share makoki na ce wa 'ya'yana na bar sana'a, kada kowa ya ƙara yi mini maganar iri. Zan faɗi abin da ya biyo bayan wannan magana tawa, amma sai kun san sana'ar tukuna, don in ba ku san ta ba za ku ce tsohuwa ce kawai take rigima.

Yaran yanzu in sun wuce rumfata suka ga ƙoruna a jere, nan dawa, nan masara, nan wake, sai su ɗauka hatsi nake sayarwa da tsada. Wata yarinya mai sayar da awara ta taɓa ce mini, "Iya, ai wannan sana'ar taki hutu ce, awo ne kawai." Na ce mata, "'Yar nan, mai hatsi in ya cuce ki, tuwon dare ɗaya ya ɓata miki. Ni in na kuskure, shekarar gida guda na ɓata." Wanda ya sayi iri ba ya sanin abin da ya saya sai ya zuba taki, ya yi noma, ya yi huɗa, ya jira. Ranar da zai gane, damina ta riga ta yi nisa, ita kuwa ba ta dawowa don wani ya yi kuskure.

A wurin Gwaggo Tabawa na koya. Ƙanwar mahaifin Malam ce. Shi surukina ya musulunta ya dawo gari, ita ta zauna a gidan gonarsu bayan Ƙarfi, Bamagujiya har ta mutu. Tana noma gayaunarta da hannunta, tana dafa giya ranar kasuwa. In na je ta kan share mini wuri a bayan rumbu ta ce, "Ga masallacinki nan, matar ɗana." Ita da al'adarta, ni da sallata, ba mu taɓa samun saɓani a kan wannan ba.

Aikin farko da ta ba ni, dawa ta ɗebo daga tukwane biyu ta zuba a faifai, kowace a gefenta, ta ce in nuna mata wadda za ta tsira. Na duba, na juya, na ciza. Duka biyun jawur, ƙwaya cike, babu ƙwaro. Na ce duka. Ta yago tsumma biyu ta jiƙa, ta ƙunsa kowace dawa a nata, ta cusa ƙarƙashin randa inda ke da sanyi. Bayan 'yan kwanaki ta kira ni ta kwance. Ɗaya ya yi fari fat da tsiro kamar gemun tsoho, ɗayan rabinsa a mace yana warin ruɓa. Ta ce wannan an sussuke ta ba ta gama bushewa ba aka ɗure a buhu, zafi ya kashe ta a ciki, ido kuwa ba ya ganin haka. Ta san wannan ne saboda sana'arta, don dawar da ba ta tsira ba, ba ta yin giya. Ni ban taɓa ɗanɗana giyarta ba, amma na ci arzikin iliminta har tsufana.

Na ɗauka na gama koyo ke nan. Na ce, "Gwaggo, ashe tsumma ne sirrin."

Ta yi dariya har da tari. "Tsumma yana gaya miki ƙwaya tana da rai. Ba ya gaya miki halin uwarta. Bari kaka ta yi."

Da kaka ta yi, kafin a sa lauje ko magirbi, ta ja ni cikin gona. Ba ta tsayawa a baki. Ta ce karan bakin gona maƙaryaci ne, shi ke shan iska da rana shi kaɗai, dole ya yi kyau. Sai mun kutsa tsakiya, ganye yana yankar mana hannu, sannan ta fara dubawa. Wanne kara ne ya tsaya bayan iskar da ta kwantar da 'yan'uwansa. Wanne ne ƙuduji ya fito a gindinsa bai hana shi cika ba. Wace zangarniya ce ta nuna tare da jama'a, ba ta yi gaggawa tsuntsu ya cinye ta ba, ba ta kuma makara ruwa ya ɗauke ya bar ta ba. In ta ga burtuntuna, baƙin garin nan da ke cin zangarniya, ko kusa da wurin ba ta zaɓa. Wanda ta yarda da shi sai ta ɗaura masa ƙyalle a wuya. Masu girbi sun sani, mai ƙyalle ba a haɗa shi da dami.

Waɗannan zangarnun a rataye suke a rufin madafa, hayaƙi yana korar musu ƙwari. In sun bushe sarai, da hannu ake murje su a kan tabarma, ba a kai su masussuka su gauraya da na kowa. A sheƙe, a tankaɗe toka mai sanyi, a haɗa da busasshen ganyen bedi da ɗan barkono, a zuba a tulu, a liƙe baki da laka. Masara kuma ba a ɗaukar ƙwayar kai da ta gindi, ta tsakiya kaɗai. Kayan aikina ke nan har yau: faifai, rariya, tulu, toka, tsumma. Ƙyallayen kuwa daga tsofaffin rigunan Malam nake yago su. Ya kan ce rigarsa ba ta tsufa a gidan nan, tun tana da sauran sawa nake zuba mata ido.

Ranar da Gwaggo ta yarda in fara zama kasuwa da kaina, magana ɗaya ta ba ni. Ta riƙe mini kunne kamar ƙaramar yarinya ta ce, "Irin da ba ki gani a tsaye a gona ba, kada ki sayar wa mutum ya shuka."

Gajeriyar magana ce, ko yaro ya haddace ta. Wahalar ba a haddacewa take ba. Wahalar ita ce ranar da wani abu zai zo gabanki wanda bai yi kama da abin da aka faɗa ba, ki rasa ko maganar ta hau kansa ko ba ta hau ba.

Saboda wannan magana Malam ya zama ƙafata. Kowace kaka, kafin ya taɓa nasa girbin, shi ke kai ni gonakin mutane. Da keke muka fara, ni a baya kan kariya da ƙunshin ƙyallaye, har Allah ya hore masa babur. Ƙarfi, Kafur, ƙauyukan hanyar Bakori, babu inda ba mu shiga ba. In mun isa, ni in kutsa gona, shi ya samu inuwa ya zauna da mai gonar suna hira. Da farko haushi nake ji, ina cikin ƙaiƙayi shi yana cin gyaɗa. Sai a hanyar dawowa, in mun hau kwalta, ya fara: "Mai iri, ya ce gefen rafin nan ruwa ya kwanta masa." Ko kuwa, "Ya ce bara wake ya shuka a wurin, shi ya sa kika ga ta yi ƙarfi, ba halinta ba ne." Ashe ni ina duba gona, shi yana duba bakin mai gona.

Akwai shekarar da yayana Haruna ya zo daga Kafur da buhun wake a kan jaki. Fari ne, manya, ya ce yana nuna da wuri, in sayar masa a matsayin iri. Na ce, "Yaya, ban ga gonar ba."

Ya ce, "Nono ɗaya muka sha, Asabe. Ni zan yi miki ƙarya?"

Na ce ba ƙarya nake tsoro ba. Bai saurara ba. Ya ajiye buhun a tsakar gida, ya ƙi shan ruwa, ya kora jakinsa. Na zauna ina kallon buhun kamar an ajiye mini gawa. Da Malam ya gama cin tuwo, yana wanke hannu, sai ya ce, "Gwaggo ta ce kada ki sayar wa mutum. Ta ce kada ki shuka da kanki?"

Ba ta ce ba. Na shuka shi a 'yar gayaunata ta bayan gida, na gan shi a tsaye tun daga tsiro har ya bushe. Wake ne na kirki, yadda Yaya ya faɗa. Shekarar da ta biyo na sayar, kuma har gobe a rumfata waken Haruna ake ce masa. Yaya ya huce da ya ji sunansa a bakin mutanen da bai sani ba.

Muguwar shekarata kuwa daga kyakkyawar gona ta fito. Lokacin masara ta fara cin ƙasar nan, kowa yana rage dawa yana ƙara ta. Aka ce mana wani Alhaji Ɗanjuma a hanyar Bakori ya yi masarar da ba a taɓa gani ba. Muka je. Wallahi ban taɓa ganin gona irin wannan ba. Kara duk tsawo ɗaya kamar an sa igiya, goyo duk a wuri ɗaya, ka ɓare wannan ka ɓare wancan, haƙora a jere har baki. Na shiga tsakiya, na zaga gefe, na duba maƙwabta, ban sami abin kushewa ba. Ƙyallayena suka ƙare ban gama zaɓa ba. A shekarar ban je gonar masarar kowa ba, na ce wannan ta ishe ni. Duk abin da nake juyawa na zuba a kanta.

Muna hawa kwalta Malam ya ce, "Na tambaye shi inda ya samo irin. Ya ce a leda ya saya a shago a Funtuwa, an rina shi da jan magani. Mai shagon ya ce masa kowace shekara sai ya sayi sabo."

Na ce, "Dabarar 'yan kasuwa ce. Wa zai ce maka kada ka dawo?"

"Haka Alhajin ma ya ce."

"To?"

"To, wataƙila dabara ce."

Bai ƙara ba. Malam ba mai ja-in-ja ba ne, sai dai in abu ya tsaya masa ba ya sauka. Rani ya wuce, masara tana tulu, na gwada ta a tsumma ta tsira tas. Hadari ya fara haɗuwa, mutane suka fara leƙowa suna tambayar irin Alhaji. Ana gobe kasuwa ina fasa bakin tulu, ya zo ya tsaya a ƙofar ɗaki.

"Mai iri, duk abin da kika taɓa sayarwa, kin san uwarsa, kin san kakarsa. Wannan uwarta a leda take. Wa ya ga gonarta?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Malam, na cika ƙa'ida. Da idona na gan ta a tsaye, kai ka kai ni."

Ya ce, "Gwaggo ta ce wanda ba ki gani ba, kada ki sayar. Ba ta ce duk wanda kika gani ki sayar ba."

Shekara da shekaru ina ɗauke da maganar nan, ban taɓa lura ƙofa ɗaya ta rufe ba, ba ta ce ɗayar a buɗe take ba. Lokacin Gwaggo ta riga ta rasu, babu wanda zan koma in tambaya. Na mayar da laka na liƙe tulun, ina liƙewa ina jin haushinsa.

Na je kasuwa babu irin masara ko tiya ɗaya. Malam Iro, wanda tun ina zama a kan tabarma yake saye a wurina, ya tsaya a gaban rumfa ya ce, "Mai iri, kowa ya san kin kwashi masarar Alhaji. Ko kin ɓoye ne sai ta yi tsada?" Wannan magana ta fi asarar ciwo. Na ce masa ban yarda da ita ba ne. Ya ce, "Gonar da kowa ya gani?" Ya wuce layin gaba ya saya a wurin waɗanda su ma suka saro daga Alhajin. Da yawa suka bi shi, har masu sayen dawa da wake, don in mutum ya sauya rumfa gaba ɗaya yake sauyawa. Masarar da na zaɓa goyo-goyo muka kai inji. Mun ci tuwon masara a gidan nan har yara suka fara kuka in sun ga an ɗora tukunya. A shekarar na sayar da akuyata, da tasoshin da na zo da su gidan aure.

Malam ya ɗebi kaɗan ya shuka kunya 'yan kaɗan a bayan gida, ya ce mu gani. Ta fito, ba a ce ba ta fito ba. Amma wani kara ya fi mutum, wani iya ƙugu. Wani ya yi goyo, wani ya tsaya haka nan. In ka ɓare, wani cike, wani da giɓi kamar bakina na yanzu. Haka ta yi a gonar duk wanda ya saya. Ba a rasa abinci ba, amma mai jiran rumbu ya cika sai ya samu abin da bai kai ba, ga taki ya riga ya zuba. Ban yi murna ba, mutanena ne. Alhajin ma ba cuta ya yi ba, shi kansa ita ya mayar gonarsa.

Daga baya wani malamin gona, yaro mai haƙuri, ya zauna a rumfata ya warware mini. Ya ce masara mai aure ake ce mata. Iri biyu ake haɗawa a samu 'ya mai kyau, amma 'ya'yan ita 'yar kowa gidan da ya ga dama yake komawa, wani dangin uwa, wani dangin uba. Mai shago gaskiya ya faɗa. Na gode wa yaron nan, don daga ranar in mutum ya ce mini mai aure yake so, sai in ce ya tafi shago ya sayi ta leda, ita ce daidai da shi. Ni nawa irin gado ne, wanda za ka shuka ka ɗebi na baɗi a ciki. Malam Iro ya dawo da damina ta zagayo. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ya dai ce, "Auna mini abin da kika yarda da shi."

To, yanzu mu dawo bana.

Kaurar Gwaggo Tabawa, jar dawar nan da ta koya mini aiki a kanta, wuri ɗaya ta rage ba gauraye: gonar jikanta Bawa, a can gidan gonarsu. Kowace kaka ni ke zuwa in zaɓa, in ba shi nasa irin, in kawo saura kasuwa. Akwai gidaje da yawa da ba su shuka wata dawa sai ita. Na fita takaba ke nan Bawa ya bugo wa Abba waya, ya ce dawa ta nuna, tsuntsu ya fara sauka, bayan kasuwar Juma'a zai sa a yanke. In an yanke an haɗa dami, shi ke nan, babu mai sanin wace zangarniya ta fito daga wane kara.

Na ce a gaya masa ya yanke, na bari.

Abba ya gama karatun aikin gona, yana zaune a wurina yana shirin jarabawar ɗaukar aiki. Sai kawai ya hau motar haya ya tafi, ya dawo da yamma yana murmushi, ya miƙo mini waya. "Tsohuwa, ga gonar Bawa na kawo miki har ɗaki. Gwaggo ta ce a gani, to ga shi ki gani."

Na karɓa. Dawa ce kam, tana kaɗawa, har kukan tsuntsu ana ji. Na ce, "Ka shiga tsakiya?"

"Na ɗan shiga."

"Ka sunkuya ka duba gindi? Wannan da ya tsaya, na kusa da shi a kwance suke ko a tsaye? Ka murza zangarniya ka ga ko hannunka ya yi baƙi?"

Ya sosa ƙeya. Na ce, "Angona, wayar nan inda ka nuna mata take kallo, kai kuwa inda ya yi kyau ka nuna mata. Wannan ganinka ne, ba nawa ba."

"To mu je ki gani da kanki."

Na ce, "Mai kai ni ya tafi." Na shiga ɗaki. Babur ɗin Malam yana zaure tun ranar da ya kwanta, an lulluɓe shi da tabarma. In zan fita ta can, kaina nake kawarwa.

Ana gobe Juma'a, da hantsi, ina tsince shinkafa a gindin bedi, shi yana gefe da takardunsa yana ta gunaguni da Turanci. Na ce me ake tambayarsa haka yake faɗa da takarda. Ya ce wani kashi ne na jarabawar, ba na noma ba, na auna hankali. Za a ba ka ƙa'ida, a kawo labarin mutane, a ce wanne ne ya bi ta. Ya ce bari ya juya mini ɗaya da Hausa.

"Ƙa'ida ta ce ba a ba manomi takin tallafi sai an auna gonarsa. Na farko: an auna gonar Tanko, saboda haka dole a ba shi. Na biyu: ba a auna gonar Audu ba, saboda haka ba a ba shi ba. Wanne ne ya bi ƙa'ida?"

Na ce, "Wane Audun? Me ya hana a auna tasa, ba ya gari ne?"

"Kaka, babu Audu. Mutanen takarda ne."

"To ko na takarda ne ai yana da iyali. Shi kuma Tanko tunda an sa shi ya bar aikinsa an ja igiya a gonarsa, a ba shi mana. Na Tanko ne."

Ya yi dariya har takarda ta faɗi. "Kin faɗi jarabawa, tsohuwa. Na Audu ne. Ƙa'ida ta ce wanda ba a auna ba, kada a ba shi. Ba ta ce duk wanda aka auna a ba shi ba."

Faifan ya suɓuce mini. Muryar ba ta Malam ba ce, ta Abba ta fi kauri, amma maganar ita ce, har inda yake ɗan tsayawa a tsakiya. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fita da shi. Yaron ya rikice, yana ta ba ni haƙuri, ya ɗauka don ya ce na faɗi ne. Da na samu numfashi na ba shi labarin masarar Alhaji Ɗanjuma tun daga farko, wanda bai taɓa ji ba, don lokacin ubansa ma yana cikin masu kukan tuwon.

Ya durƙusa yana tsince shinkafar da ta zube. Can ya ce, "Kaka, sake faɗa mini maganar Gwaggo Tabawa, yadda ta faɗe ta."

Na faɗa.

"Shi ke nan? Babu saura?"

"Babu."

"Malaminmu ya ce abin da ya fi kayar da mutane a tambayoyin nan, su ƙara wa ƙa'ida abin da ba ta faɗa ba. Ta ce sai kin gani a tsaye. Ban ji inda ta ce sai Malam ne zai kai ki ba."

Na ce masa marar kunya, ya tashi ya ba ni wuri. Ya tashi. Ina ji ya shiga zaure, ya yaye tabarma, ya tura babur waje ya kai wa bakanike. Ban hana shi ba.

Washegari da sassafe na buɗe akwatin Malam. Rigunansa an rabar, sai wata shuɗiya da ta ƙoƙe a kafaɗa, wadda tun bara nake zuba mata ido yana cewa da saura. Na yayyaga ta na ƙulle a gefen zane. Da na hau babur hannuna ya tafi kariya da kansa, don duk tsawon zamanmu ƙarfen nan nake riƙewa, ban taɓa riƙe Malam a gaban mutane ba. Abba ya ce, "Ni ba Malam ba ne, ban iya kauce wa rami ba. Riƙe ni." Na riƙe shi.

Matan gidan Bawa suka tare ni da gaisuwar rashi, muka koka tare. Sannan na ɗaura ɗankwali na kutsa gona. Gwiwa ba ta son sunkuyo yanzu, ido kuma sai na kawo abu kusa, amma hannu bai manta ba. Kaurar Gwaggo tana nan yadda na san ta, wuya a lanƙwashe don nauyi. Na ɗaura wa na farko shuɗin ƙyalle, na tsaya kaɗan, na ci gaba. Da rana ta take na fito, sai na hango Abba a inuwar ɗorawa shi da Bawa, suna cin gyaɗa.

Muka kamo hanyar dawowa. Muka wuce burji, muka hau kwalta. Sai ya ɗan juyo da kai.

"Kaka, Bawa ya ce gefen gabas irinsa bai isa ba, ya cike da wata dawa da ya samo a wurin surukinsa. Ya ce kusan kamarsu ɗaya."

Ni kuwa na riga na ɗaura ƙyalle a gefen gabas. Ban lura ba. Da idona na da ne, wataƙila da na gane, wataƙila kuma a'a, don ba yau aka fara gaya mini abu a kan kwalta ba.

Na ce, "Juya."

"Yanzu? Mun kusa gida."

"Gobe zai yanke. Juya mu kwance su."

Ya juya. Zangarnun da suka rage suna rataye a madafata yanzu, hayaƙi yana bin su, kowace da shuɗin ƙyalle a wuya. Na gode wa Allah da ya haɗa ni da Gwaggo Tabawa, ta ba ni magana ɗaya. Na gode masa da ya ba ni Malam, wanda ya san inda maganar ta tsaya, Allah ya haskaka kabarinsa. Abba bai rubuta jarabawarsa ba tukuna, ku sa shi a addu'a. Na dai gaya masa ko an ɗauke shi aiki, ko ina aka tura shi, ya nemi hutunsa da kaka.